Ya Iso Ba Takalmi A Ƙafa

"Ba zai zo ba," in ji Gwaggo, tana ɗumama tafukanta a kan murhun gawayin da ta kunna a tsakiyar shagon. "Ɗan gayu irin wannan ya shiga ruwa? Ai sai ya narke."

Auta ba ta juyo ba. Goshinta na manne da gilashin taga, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya.

Ta sake kiran wayar saurayinta Dogo...

A kashe.

Yau ce ranar da Dogo zai zo gaida Baba karon farko, kuma ta sha wuya kafin a kai nan. Baba, wanda ya tsufa yana ɗinka takalma a wannan shagon, da jin sana'ar saurayin ya taɓe baki.

"Mai hoto? Mutumin da ke yini yana roƙon mutane su yi murmushi? Irinsu ba su san darajar komai ba sai kwalliya."

Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba, ita ke hura wutar, don ta daɗe tana yi wa ɗanta mai kantin magani kwaɗayin Auta.

Akwai kuma wani abin da ke cin zuciyar Auta. Takalman da ta roƙi Dogo ya sa yau, ita ta ɗinka su a ɓoye da ragowar suwed, fatar nan mai laushi da ɗan gashi-gashi wadda ba ta shiri da ruwa. Baba bai taɓa barin ta riƙe wuƙar yanka fata ba, aikinta tarbar masu saye. Sai ya fita kasuwa take zama a kujerarsa.

Da safe garin tas yake. Wa ya san hadari zai taso?

"Ki zauna mana," Baba ya ce, idonsa na kan ɗinki. "Kin tsare mini haske."

Sai ga wani dogon mutum ya karyo kwana a guje, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya dunƙule wani abu a cikin rigarsa kamar mai ɗauke da jariri.

Ƙafarsa ba takalmi.

Auta ta buɗe ƙofar kafin ya ƙwanƙwasa.

"Autata..." ya raɗa, yana haki, ruwa na ɗiga daga gashin girarsa. "Na yi iya ƙoƙarina. Mota ta watsa mini ruwan kwata kafin in cire su."

"Kai dai ka iso," ta ce. "Shigo."

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Gwaggo, ruwa ya taru a ƙarƙashinsa. Baba ya kalli ƙafafun nan masu laka ya daɗe.

"Takalmi ne ba ka da shi, ko salon 'yan hoto ne?"

"Ina da shi, Baba. Tausayinsa na ji."

Ya zaro su daga rigar. Na dama da sauƙi. Na hagu kuwa rabinsa ya yi duhu, gashin fatar ya kwanta, ruwan ya ja layi a gefe.

Auta ta ruga ciki ɗauko tawul.

Tana dawowa ta tsaya cak. Gwaggo ta jera takalman a bakin murhu, dab da garwashi, har tururi ya fara tashi daga na hagun.

"Bari su bushe maka da wuri, ɗana," take cewa da fara'a.

Gwaggo a gidan masu sana'ar fata ta tashi. Ta san zafi zai ƙanƙance suwed ya mayar da shi kamar busasshen ganye, sannan ta ce ga shi nan, ko takalminsa bai iya kula da shi ba. Baba kuwa ya ajiye allura, yana kallo.

Auta ta buɗe baki, amma Dogo ya riga ta.

"Gwaggo, ki gafarce ni," ya ce a ladabce, ya miƙa hannu ya janye su. "Wuta za ta kashe su."

"Ikon Allah. Yaya, ka ji? Yau ya shigo gidan, har ya fara gyara mini aiki."

Auta ta matse tawul a ƙirji. Shi ke nan, ta ce a ranta, ya ɓata rawarsa da tsalle.

"To kai da ka sani," Baba ya ce a hankali, "yaya za ka yi da su?"

Dogo ya karɓi tawul ɗin. Bai goge kansa ba, takalmin ya fara dannawa a hankali, yana tsotse ruwan.

"Ba a gurzawa, Baba, dannawa ake yi. Sai a ɗan jiƙa sauran jikinsa daidai, don kada layin ruwan ya zauna. A cusa farar takarda a ciki ta riƙe masa siffa, ban da jarida, tawadarta na zuba. A ajiye inda iska ke ratsawa, ba rana ba wuta. In ya bushe sarai, a tayar da gashin da buroshi."

"Wa ya koya maka?"

"Wadda ta..." Ya haɗiye sauran maganar.

"Miƙo nan."

Baba ya juya takalmin, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya leƙa ciki. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Wannan ɗinkin gidana ne, amma ba hannuna ba ne." Ya ɗago. "Auta."

"Na'am, Baba..."

"Ke ce?"

Hawaye suka cika idonta. Ta gyaɗa kai.

"Dunduniyar ta ɗan karkace," ya ce. Ya sake shafa fatar, muryarsa ta yi laushi. "Sauran kuwa, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan."

Gwaggo ta miƙe tana gyara mayafi. "Yaya, wai har ka..."

"Ke kuma," ya katse ta, "da kika kai fata bakin wuta, a wane gida aka haife ki?"

Ba ta jira ruwan ya tsagaita ba, ta ɗauki lemarta ta fice.

Baba ya juya ga Dogo, wanda sanyi ya fara kaɗa wa haƙora.

"Na ɗauka kwalliya kawai ka sani. Mutumin da zai taka laka da ƙafarsa don kada wahalar 'yata ta lalace, zan iya zama in saurare shi. Takalman nan ba za su bushe yau ba. Ka bar su, gobe ka dawo ka goge su da hannunka. In ka tashi zuwa, ka taho da mahaifinka."

Dogo ya sake durƙusawa. Sai godiya yake jerowa, har da ta abin da ba a yi masa ba.

Baba ya tura masa silifas ɗinsa. Rabin dunduniyar Dogo a waje ya tsaya.

Auta ta raka shi bakin ƙofa, tana dariya tana share hawaye.

"Rabin raina," ya ce ƙasa-ƙasa, "kin ji abin da na ji, ko ruwa ne ya shiga kunnena?"

"Na ji... Je ka canza kaya kafin mura ta riga ni kama ka."

Ya fita yana ɗingishi cikin silifas ɗin, yana waiwaye, har ya kusa karo da sandar fitila.

Kafin damina ta ƙare aka ɗaura musu aure. Ran da ya zo ɗaukar hoton shagon don sabon allon da za a kafa, ya daidaita kyamara, ya dubi surukinsa cikin jin nauyi.

"Baba... ɗan murmushi kaɗan?"

Baba ya harare shi. Auta ta fashe da dariya, sai tsohon ya kasa daurewa, shi ma ya dara.

Dogo ya danna.