A Ina Za a Yi Jeren Ilham?

A wajen wani suna a Lanham, jihar Maryland ta Amurka, Ilham ta fara ganin sa. Yana tsaye bakin kicin da farantin masa, kai an aske tas kamar ƙwarya.

"Malam, wa ya yi maka wannan ta'asa?" ta ce.

"Sojan ruwa," ya ce yana shafa kan. "Sunana Misbahu. Bayan sallah zan tafi Charleston, makarantar da ake koyon injin nukiliya na jirage."

Masar nan a hannunsa ta huce. Matan falo kuwa, Allah ya shirye su, kafin a watse sun aurar da su har sun raɗa wa 'ya'yan suna.

Kafin sallah ya zama "Kifina", ita kuma "'Yar nas", don aikin jinya take karanta. Magabatansa suka je gidan su Ilham a Germantown neman aure, mahaifinta bai ƙi ba. Uwarta, Hajiya Tayyiba, ita ta kafe a kan tambaya guda.

"A ina za a yi jere?"

Nan fa ake yin ta. Wata shida zai yi a Charleston, sannan a tura shi horo na biyu, ko a bar shi can ko a jefa shi jihar New York. Ba shi zai zaɓa ba.

"Gadon da na sayo ba ya yawo," in ji Hajiya. "Ga Dakta Fahad mai son Ilham can da gida nan kusa a Mitchellville, ɗakuna sai gizo-gizo ke kwana."

Ilham ba ta iya musu da uwarta, ba ta kuma iya musu da sojan Amurka. Sai waya, don tuni ya tafi Charleston.

"Kifina, Umma ta ce sai ta ga adireshi. Ka kama gida don Allah."

Yini guda shiru. Ta yi kuka har majinyata suka koma lallashin ta. Can ga amsa:

"'Yar nas, ba a shiga aji da waya, littafin ma ba a fita da shi. Na kama gida, ga adireshin. Amma kada ki ce in turo hoto."

Kada ta ce hoto! Maganar ta faɗa kunnen Gwaggo Furera, ƙanwar babanta, wadda sirri ba ya kwana a bakinta. Kafin Juma'a duk Maryland ta ji wai Misbahu ya ajiye Baturiya.

"Mu je mu gani da idonmu," Hajiya ta ce wa Ilham. "In ya so ki huta."

Ilham ce ta tuƙa su, ba sanarwa. Tun hantsi har la'asar tana riƙe da sitiyari, tana addu'ar abin da ita ma ba ta san mene ne ba.

Gidan na ƙasa ne, can nesa da makarantar. Misbahu ya buɗe ƙofa, ido ya faɗa, ya ga surukai, ya zube ƙasa yana gaisuwa. Gwaggo ta tsallake shi, ta leƙa ɗaki, ta leƙa banɗaki, har kabad ta buɗe.

Ba Baturiya. Ba ma komai. Darduma, bargo a ƙasa, kofi ɗaya, sai kakinsa rataye a ƙofa.

"Ina kayanka?" Hajiya ta tambaya.

"Mama, abokan karatuna sun kama gida mai kaya a ciki, bakin get ɗin makaranta, suka ce in zo. Na tambayi mahaifiyata, ta ce ango ba ya riga dangin amarya sa ko kujera. Shi ne na yi ta yawo sai da na samu na ƙasa mai faɗin ƙofa. Ilham ta ce gadon babba ne."

"Tun da ka zo a ƙasa kake kwana?"

"Kunyar hoton nake ji, Mama."

Ilham ta juya wa bango fuska. Gwaggo kuwa tuni ta cire mayafi tana auna ƙofa da shi.

"Zai shiga, Tayyiba. Har da madubin."

Hajiya ta daɗe tana kallon bargon nan.

"In suka kai ka New York fa?"

"Wallahi ban sani ba, Mama. Ba ni da ta cewa."

"To ni ina da ita. Sai mu kwance mu sake jerawa. Tashi, ɗana, gwiwarka za ta yi ciwo."

A hanyar komawa saƙo ya shigo wayar Ilham: "'Yar nas, ta ce ɗana. Kin ji?"

An ɗaura aure a Lanham, aka cika babbar mota da kaya, mata suka bi ta a baya da guɗa har Charleston. Ranar da amarya ta tare ma babu wanda ya san inda za a tura su. Gwaggo Furera dai ta hana a zubar da kwalaye.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, a duk garin da aka sauke gadon nan.