Zinaren Baikon Rihab

Kwana tara ke nan da sallamo Rihab daga asibiti, amma har yanzu ba ta iya kai ƙarshen magana ba tare da ta tsaya neman numfashi ba. Tana kwance a ƙuryar ɗakin gidansu da ke birnin Mansura, tagogi a rufe, bargo biyu a kanta, ga kaskon turaren wuta a bakin ƙofa, wanda mahaifiyarta Afaf ba ta bari ya mutu saboda tsoron kambun baka.

Shekara shida da suka wuce Rihab ta yi fama da ciwon daji a wuya, ciwon da ba a kiran sunansa a gidan sai dai a ce "waccan cuta". Ta sha magani har gashinta ya zube ya sake fitowa, likitoci suka ce ta warke. Ta gama karatu, ta kama aikin koyarwa, kuma a can Hazim ya gan ta. Bai nemi aurenta a makance ba, ita da bakinta ta gaya masa komai. Ya zo da danginsa, ya sa mata zinaren baiko a gaban jama'a: awarwaro huɗu, sarƙa da zobe. Saura wata uku biki sai hoton ƙirjin da take yi duk shekara ya nuna ɗan tabo a huhu. Aka tsinko naman da allura, gwajin bai ba da tabbas ba, sai aka yi mata tiyata aka yanke ƙasan huhun dama. Abin da aka cire yana ɗakin gwaji, sakamako sai bayan mako uku.

"Tashi, 'yata, tashi!" Afaf ta shigo da sauri tana gyara mayafi. "Ga surukarki ta zo. Shafa ɗan jan baki, kada ta gan ki haka."

"Mama, wallahi na gaji..."

"Minti goma ne. A falo za ki karɓe ta kamar 'yar mutunci."

Hajiya I'itimad, mahaifiyar Hazim, doguwar mace ce da ba ta cire baƙaƙen kaya ba tun rasuwar mijinta. Ta ajiye kwalin kayan zaƙi a kan tebur, ta yi sannu, ta sha shayi, idanunta suna ko'ina ban da fuskar Rihab. Da Afaf ta koma kicin, sai baƙuwar ta rage murya.

"Rihab, ke yarinya ce mai hankali, shi ya sa zan yi miki magana ba kewaye-kewaye. Hazim kaɗai gare ni. Shekara uku na yi a barandar asibiti da ubansa, na san warin wurin, na san yadda yake cinye mai jinya kafin ya cinye majinyaci. Ba zan iya ganin ɗana a wannan bencin asibiti ba."

"Tanti, ai sakamako bai fito ba tukuna."

"Idan ya yi kyau bana, baɗi fa? Kin san al'ada. In mu muka fasa, zinare naki ne, kuma duk unguwa za ta ce mun tsere mun bar marar lafiya. In ke kika mayar da shi da hannunki, sai a ce 'yar Ustaz Abdulgaffar ta yi dattako. Ba zinaren nake so ba, Allah ya sani. Ki 'yanta min ɗana, ki rufa mana asiri."

Rihab ta nemi fushi a cikin ranta ba ta samu ba, gajiya ce kawai ta tarar. Robar da aka zare daga haƙarƙarinta bayan tiyata ta bar wuri mai zogi, kowane numfashi sai ta yi shawara kafin ta ja shi.

"To, Tanti. Ki zo ranar Alhamis ki karɓa."

Da la'asar sakaliya Rihab ta cire awarwaron ɗaya bayan ɗaya, ba su ma yi mata gardama ba don hannun ya rame. Ta mayar da su cikin jan akwatinsu. Afaf ta ɗora hannu a ka tana kuka.

"Me zan ce wa mutane? Jiya-jiya aka yi guɗa a gidan nan!"

Ustaz Abdulgaffar, wanda ya yi shekara talatin yana koyar da nahawu, ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce, "Ba a roƙon mutane su zauna da 'yata. Abin da ta yanke shi ke nan."

Washegari Hazim ya zo daga wurin aiki ko takalmi bai tsaya gyarawa ba. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, mahaifinta yana zaune a gefe.

"Wane ne ya sa ki?"

"Ba kowa."

"Rihab, kin fi kowa rashin iya ƙarya. Mama ce, ko? Yanzun nan zan je in..."

"Ba za ka je ba!" Ta ɗaga murya, tari ya taso mata, ta danne shi da ƙyar tana dafe da gefenta. "Idan ka ɗaga wa mahaifiyarka murya saboda ni... to ko na warke ban aure ka. Tsoro take ji, Hazim. Ni ma tsoron nake ji."

"To ni fa? Wa ya tambaye ni? Ni na sa miki zinaren nan, ni kuwa ban karɓa ba. Ku kai shi duk inda za ku kai, ina nan daram kamar tsohon firijin gidanku, mai ƙara ba ya mutuwa."

Ta so ta yi dariya, ciwo ya hana ta. "Ka tafi, don Allah. Ba ni da ƙarfin rarrashinka."

Ya tafi. Bai yi wa mahaifiyarsa musu ba, ya sumbaci hannunta kamar kullum, ya faɗa mata magana ɗaya tak: ba zai yi aure ba sai da yardarta, kuma ba zai nemi wata ba.

Ranar Alhamis Rihab ta tashi da zazzaɓi, ƙirjinta yana ƙugi. Ba ta iya fitowa falo ba, dole aka shigar da Hajiya I'itimad har ƙurya. Akwatin yana kan durowa. Amma baƙuwar ba ta kai gare shi ba, don tana shiga hayaƙi ya tare ta, ta ji yarinyar tana haɗiye tari.

"Innalillahi! Afaf, mene ne wannan? Mai rabin huhu kike yi wa hayaƙi?"

"Na kariya ne, Hajiya, idon mutane..."

"Idon mutane bai kai garwashin nan mugunta ba! Fitar da shi! Tun yaushe take kwance?"

"Tun da muka dawo. Likita ya ce ta riƙa tafiya tana tari, amma su likitoci ba su haifa ba. Idan ɗinkin ya farke fa?"

"Ba ya farkewa! Majinar da kike hana ta fitarwa ita za ta mayar da ita asibiti."

Hajiya I'itimad ta wurgar da jakarta a kan kujera, ta buɗe tagogi duka biyu, ta yaye bargunan. Ta ɗauki matashi ta naɗe shi biyu, ta danna a gefen da aka yanka, ta tallafo bayan Rihab da ɗaya hannun.

"Rungume shi da ƙarfi. Ja iska ta hanci, a hankali. Riƙe. To, yi tari!"

"Tanti, da zafi..."

"Na sani. Yi!"

Rihab ta yi tari har hawaye suka zubo, ta yi na biyu, ta yi na uku, abin da ya toshe ƙirjin ya fito. Ta kifa kanta a kafaɗar matar da ta zo raba ta da masoyinta, ta ja numfashin da ta kwana goma sha biyu ba ta ja irinsa ba. Hajiya I'itimad ta ji ƙasusuwan bayan yarinyar a tafin hannunta, sannan ta sa aka kira likita a waya, ya rubuta maganin zazzaɓi. Ta miƙar da ita tsaye, suka taka daga gado zuwa ƙofa, suka dawo.

Da za ta tafi, Rihab ta nuna durowa. "Tanti, kin manta saƙonki."

"Jakata ta cika. Gobe."

Washegari ta zo da romon tantabaru, jakarta kuma ta sake cika. Rana ta uku ta zo da ƙarfe goma, ta tarar Afaf ta rufe taga, suka yi cacar baki kamar tsofaffin maƙwabta. Kullum sai ta ƙara wa Rihab taku: daga ƙofa zuwa falo, daga falo zuwa baranda, daga baya har matakala biyar. Ba ta da taushin baki, ba ta taɓa cewa sannu sai an gama. Rihab kuwa ba ta taɓa tayar da maganar Hazim ba, ba ta yi ƙorafi ba, ba ta roƙi komai ba. Wata rana dai, suna hutawa a kan matakala, ta ce:

"Tanti, kin ce ba kya son warin jinya, ga shi na jawo ki ciki."

"Rufe min baki ki ja numfashi," in ji Hajiya I'itimad, ta kau da kai.

Ranar da sakamako ya fito, Ustaz Abdulgaffar ya karɓo ambulan ɗin da hantsi, ya kasa buɗewa, ya ajiye a teburin falo. Hazim ya zo ya tsaya a jikin bango. Afaf tana jan carbi, Hajiya I'itimad tana zaune kusa da teburin. Rihab ta fito da ƙafarta, ba mai riƙe da ita, ta zauna. Ta miƙa hannu za ta ɗauki takardar sai Hajiya I'itimad ta dafe ta.

"Dakata. Hazim, shiga ka ɗauko min jan akwatin nan."

Ya kawo. Ta buɗe, ta kama hannun Rihab, ta fara zura awarwaron.

"Tanti, ki bari a karanta tukuna. Idan ya dawo fa?"

"Shi ya sa nake sa miki yanzu. In na jira takarda, to takarda na aurar wa ɗana, ba ke ba. Na ce ba zan iya ganinsa a bencin asibiti ba, na manta cewa ni da na zauna a kansa shekara uku, da za a mayar da ni baya, ubansa zan sake aura. Ki yafe min, 'yata. Kome ke cikin ambulan ɗin nan, mu uku za mu ɗauka."

"Mu biyar," in ji Ustaz Abdulgaffar. "Hajiya, ki riƙa ƙirga daidai."

Hazim ne ya karanta. Waccan cutar ce ta so dawowa, amma an cire ta gaba ɗaya, gefen naman duk lafiya lau, ba ta bazu ko'ina ba. Za a ci gaba da duba Rihab duk bayan wata uku. Afaf ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Rihab ba ta da ƙarfin murna mai yawa, ta dai jingina da kujera ta rufe ido, hawaye suna gangarowa, hannunta cikin na surukarta.

An ɗaura auren bayan wata biyar, ba da babban taro ba, amarya tana zama tana hutawa tsakanin gaisuwa da gaisuwa.

Ya kamata 'yan mata da samari su lura da wannan. Da Rihab ta mayar da baƙar magana, ko Hazim ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya, da sun sami juna sun rasa albarka, ko su rasa duka biyun. Haƙurinsu da ladabinsu ne suka bar ƙofa a buɗe har uwa ta shigo da ƙafarta. Iyaye kuma su sani, babu wanda aka ba takardar tabbacin lafiya, kuma gidan da ya riƙe marar lafiya a lokacin da ba a san gobensa ba, shi ne gidan da ya cancanci a kira shi na mutunci.