Ranar da Cikin Ramla Ya Yi Shiru

Ramla na tsaye a tsakar gida da taɓarya a hannu, turmi cike da masara a gabanta, amma hankalinta ba ya kan surfen. Cikinta na fari ne, ya shiga watansa, kuma tun safe abin da ke ciki bai motsa ba. Yaron da kullum tana kurɓar kunu zai hau harbe-harbe, har mijinta Ja'afar ya laƙaba masa "ɗan ƙwallon Dangora", wato ƙauyensu, yau ya yi tsit. Ta sha ruwan randa mai sanyi, ta ɗan kishingiɗa ta hagu kafin a taso ta, duk shiru. Maganar nas ɗin awo kuwa sai yawo take mata a ka: "Ke kika san motsin ɗanki. In ya ragu ko ya sauya, kada ki kwana, ki zo."

"Inna..." ta ce, kanta a ƙasa. "Tun safe ban ji motsin ba."

Inna Balaraba, mahaifiyar Ja'afar, ta dire faifan bakacenta, ta tafa hannu ta rafka salati.

"Yau na ga abin da ya ishe ni! Cikin fari, ki dubi tsabar idona ki yi mini zancensa? Ina kunya? Mu a zamaninmu har mu sauka ba mai ji daga bakinmu. Barci yake yi, in haihuwa ta matso haka suke lafawa. Ɗauki taɓaryarki, daka ke sa naƙuda ta zo da sauƙi!"

Kai jama'a! Yarinya ta zo da tsoro fal zuciyarta, a sallame ta da turmi? Ramla ta haɗiye kukanta ta ci gaba da surfe, tana ɗaga taɓarya tana sauraron cikinta.

Bayan azahar Ja'afar ya dawo daga gona, ya tarar da ita a ɗaki hawaye shaɓe-shaɓe. Da ya ji dalili, ya ɗora tafinsa a kan cikin kamar yadda ya saba.

"Ɗan ƙwallo, babanka ne fa. Taso mu buga!"

Ba abin da ya amsa masa.

"Yaya, ka kai ni asibiti. Yanzu."

Ja'afar ya hau sosa ƙeya. Namijin da ya yi ta sintiri zuwa Badafi cikin damina, mashin na kafewa a taɓo, duk don ya ga Ramla, yau ƙofar ɗaki ta gagare shi!

"To ai... me zan ce wa Inna? Kin san ɗan fari ne. Ko sau ɗaya ban taɓa ambaton cikin nan a gabanta ba. Mu ɗan jira zuwa gobe mana."

"Gobe?" Ramla ta miƙe, idanunta jajir. "A waya kai ne mai 'ke ce rayuwata', a ɗaki kai ne mai kirari, amma a tsakar gida ba ka san mu ba! Wallahi na yi haƙuri da surfe, na yi haƙuri da jan ruwa, amma ba zan yi haƙuri da ran ɗana ba. In kunya ta ɗaure maka ƙafa, tawa a sake take!"

Ta zura hijabi ta fito. Inna Balaraba ta tare hanya.

"Ina zuwa? In kika fita ba da izinina ba, ki zarce gidanku Badafi!"

Ramla ta tsaya, hawaye na zuba. Sai ga Ja'afar ya fito, ya zube a gaban mahaifiyarsa.

"Inna, ki gafarce ni. Ɗana ne. Jikanki ne, ya daina motsi. Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama in mun dawo, amma zan kai ta."

"Ɗanka? Da bakinka, Ja'afaru?"

"Da bakina, Inna."

Ta saki baki tana kallonsu har suka fice.

A asibiti nas ta daɗe tana yawo da na'ura a kan cikin kafin a jiyo bugun zuciyar, can ƙasa-ƙasa. Likita ya yi sikanin, fuskarsa ta sauya.

"Yaron ya galabaita, sai tiyata yanzu. Da kun bari ya kwana, ban san me zan gaya muku ba."

Ja'afar ya sa hannu a takardar tiyata. Kalmar nan tasa ta "gobe" ita ta riƙa sukarsa yana safa da marwa a baranda. Dab da magariba aka ciro yaron, cibiya ta naɗe masa wuya, sai da aka sha fama kafin ya tsanyara kuka. Ja'afar ya kifa goshinsa a ƙasa, ya yi kukan da ya fi na jaririn.

Washegari Inna Balaraba ta iso da fulas ɗin kunun kanwa. Nas ta riga ta zayyana mata komai a bakin ƙofa, don haka ta shigo jiki a sanyaye, ta kasa haɗa ido da kowa. Ramla ce da kanta ta ce a miƙa mata yaron. Tana karɓarsa ya ɗaga ɗan ƙafarsa ya harbe ta a ƙirji.

"Harbe ni, angona," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Harbe ni da kyau, ni na ce barci kake yi." Ta juya wajen gadon. "'Yata, ki yafe mini."

"Na yafe, Inna. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

To, 'yan'uwa mata, ku riƙe wannan: in motsin ciki ya ragu, asibiti ake nufa a ranar, ba a jira wayewar gari. Ku kuma maza da iyaye, kunyar ɗan fari tana da wurinta, amma sai ɗan yana raye ake jin kunyarsa.