Liftar da ke Tsayawa a Hawa na Bakwai

Hawa na uku ta danna, amma liftar ta wuce da ita sama kamar an aike ta. Sai da ta kai na bakwai ta tsaya, ƙofar ta buɗe da faɗin tafin hannu ta cije.

'Yar Ƙa'ida, sunan da abokan aiki suka laƙaba mata ke nan a Hukumar Sayen Kayan Gwamnati, ba matsoraciya ba ce. Amma hawan nan a rufe yake tun da aka tarar da tsohon Darakta ya cika a kan kujerarsa, shekara ɗaya da rabi ke nan. Ta leƙa ta kafar ƙofar. Babu kowa, sai warin tsohuwar takarda da wani sanyi da ba na na'ura ba. Agogonta ya nuna ƙarfe huɗu daidai.

Sai ga murfin rufin liftar ya ɗaga, wata fuska mai baƙin mai a goshi ta leƙo.

"Ranki ya daɗe, kada ki tsorata, mutum ne."

"Ai da ka bari na gama tsoratar tukuna," in ji ta, hannunta a ƙirji.

Ya yi dariya ya diro. Injiniyan da ke kula da liftocin ginin ne. Yana kwance wata ƙusa ya ce, "Kullum ƙarfe huɗu sai ta hawo nan, ko an kira ko ba a kira ba. Sau biyu ina canja mata allon wuta, ta ƙi ji."

Ƙarfe huɗu ne lokacin da marigayin kan kira ta da fayiloli, ya bi su layi-layi da koren bironsa. Baba Mai Koren Biro, shi ya koya mata aiki. Ba ta faɗa wa Injiniya ba, lambar juna kawai suka karɓa, wai saboda gaba.

Gaban kuwa ba ta yi nisa ba. Washegari saƙo ya shigo: "Fasinjata, yau kin hau lafiya? In ta sake sace ki, ki kira ni. Ko ba ta sace ki ba ma ki kira."

Ta karanta sau uku, sannan ta amsa: "Injiniya, a ƙa'ida ba a zolayar jami'in gwamnati a lokacin aiki. Ana tashi ƙarfe biyar."

Biyar da minti ɗaya wayarta ta yi ƙara. Wata shida bayan nan, matar da ba ta taɓa ƙin matakala ba, sai ga ta tana hawan lifta ko hawa ɗaya za ta. Ta kamu, kuma ta san ta kamu.

Umma ce ta fara taka birki. "Auta, duk karatun nan naki, sai mai gyaran lifta?"

"Umma, shi ma karatun ya yi. Kuma shi ke hana mu faɗowa."

A can ma mahaifin Injiniya bai yi murna ba. Shi ke da ɗan kamfanin, kuma shekara ashirin da biyu yana riƙe da kwangilar kula da liftocin hukumar. Ya ce wa ɗansa, "Ka rasa wadda za ka so sai mai sa hannu a takardunmu? Gobe a ce da auren muke cin aiki."

Ana cikin haka aka buɗe neman wanda zai gaji kujerar Darakta. Sharuɗɗan sun cika shafi biyu: shekara goma sha biyu a harkar sayayya, digiri na biyu, shaidar ƙwarewa, da rubutaccen bayani kan yadda mutum ya jagoranci ma'aikata da gyaran da ya taɓa kawowa. Duk tana da su har da ƙari. Fom na ƙarshe ne ya tsaya mata a wuya: "Shin kana da miji, mata ko ɗan'uwa na jini a kamfanin da ke hulɗa da wannan hukuma?"

Umma ta sa tabarau ta karanta. "Mijinki ne? Ɗan'uwanki ne? To rubuta babu. Ai ba ƙarya kika yi ba. In kin hau kujerar, sai a ga abin da Allah zai yi."

Gaskiyar Umma, dokar ba ta tambayi wanda ake so ba. Ta rubuta "babu", ta jefa fom ɗin a jaka, ta kwana uku ba ta miƙa ba.

Akwai wani mataimakin darakta da ake kira Mai Turare, don ƙamshinsa kan riga shi shiga ofis. Ya taɓa neman aurenta ta ƙi, yanzu kuma kujera ɗaya suke hari. Ranar da ta fito da fom ɗin ya hango shi a teburinta, bai yi wata-wata ba ya tare Injiniya a ƙofar lifta. "Malam, ka san sunanka a takardar gimbiyar? Babu."

Da yamma saƙo ya shigo: "Fasinjata, na ji abin da kika rubuta. Ban ga laifinki ba, kujerar ta dace da ke. Ba zan zama tsakuwa a takalminki ba. Allah ya ba ki sa'a."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta yi kuka a banɗakin ofis, ta wanke fuska, ta ji haushinsa, ta ji haushin kanta fiye da nasa.

Ranar rufe karɓar takardu ta shiga lifta ƙarfe uku da kwata, da gangan, don kada huɗu ta same ta a ciki. Ta danna hawa na biyu, inda ake miƙawa. Liftar ta yi sama.

Wannan karon ƙofar ta buɗe gaba ɗaya, ta kuma ƙi rufewa. Ta fita. Ƙura ta rufe daɓen, babu sawun kowa sai nata. Ofishin Baba a buɗe yake. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan kujerar da aka lulluɓe da farin ƙyalle, ƙyallen kuma ya lotsa a tsakiya kamar yanzu aka tashi daga kai. Komai na teburin ya yi ƙura, ban da koren biro guda.

Tsikar jikinta ta tashi. Ta tuna ranar da ta kawo masa wani fayil tana cewa doka ba ta hana ba, ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "'Yata, fom ba ya iya tambayar komai. Shi ya sa ake ɗora mutum a kujerar nan, ba fom ba."

Ta ɗauki biron. Ta soke "babu", ta rubuta: "Akwai. Ɗan mai kamfanin kula da lifta. Ba mu yi aure ba tukuna, amma shi zan aura." Ta jefa biron a jaka, ta sauko ta matakala ba ta waiwaya ba, ta miƙa fom ɗin.

A gaban kwamitin tantancewa, shugabar ta ɗaga takardar. "Doka ba ta tambaye ki wannan ba."

"Ranki ya daɗe, ni na sani ko da ba ta tambaya ba."

Hukuncinsu gajere ne: ita ce ta ɗaya, amma ba za a ba ta ba muddin kamfanin na riƙe da kwangilar. Ba ta roƙi kowa ba. Mai Turare kuwa ya yi ta yawo da labarin yana dariya, har ya kai kunnen da bai kamata ba.

Kwana biyu bayan nan mahaifin Injiniya ya shigo ofishinta, ɗansa na biye da shi kai a sunkuye. Tsohon ya ajiye takardar janyewa daga kwangilar a teburinta.

Ta miƙe. "Baba, shekara ashirin da biyu fa."

"Na fi ki sanin lissafin. Lifta ba ta ƙare a gari ba. Amma yarinyar da ta ajiye kujera don kada ta ce ɗana babu, ba a samun irinta sau biyu." Ya juya ga ɗan. "Kai kuma ba ta haƙuri, sarkin zuciya."

Umma da ta ji, cewa ta yi, "Gidan da ke da uba irin wannan, na ba su ke."

Aka ɗaura aure bayan wata biyu, mako guda da ba ta takardar kama aiki. Ranar da Injiniya zai miƙa makullan lifta ga sabon kamfani, ya raka ta sabon ofishinta a hawa na bakwai, wanda aka share aka yi wa fenti.

Ta ce, "Angona, na yafe maka dabarar nan fa. Na san kai ka tura ni sama ranar, ka kuma goge biron."

Ya tsaya cak. "Wace rana?"

Ta faɗa masa. Ya dube ta ya ce, "Fasinjata, tun farkon wancan makon na cire wayar wutar hawa na bakwai gaba ɗaya, don kada ta sake tsorata ki bayan na tafi. A ranar ba ta da hanyar zuwa nan, sai da aka share hawan na mayar da wayar. Ofishin kuma makullinsa ba ya wurina."

Agogon bango ya buga huɗu. Ta kama hannunsa, suka kasa kunne wajen ƙofar lifta. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Ba ta hawo ba, kuma daga ranar ba ta sake hawowa da kanta ba.

Ta zaro koren biron daga jaka, ta ɗora a teburin, idonta cike da hawaye.

"Allah ya jiƙanka, Baba. Ka huta, na karɓa."

Injiniya ya ce amin, ya ƙara da roƙon Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ita ma ta ce amin, sannan ta jawo fayil na farko.