Mai Riƙon Waya a Fiffiken Hagu

Ana gab da magariba Oga ya aiko a ce min saura fiffiken hagu, kuma da safe za a fitar da jirgin. Na ce to. A lokacin, duk abin da aka ce min, to nake cewa.

Ni bakaniken jirgin sama ne. A rumfar gyara Tsinke suke kirana saboda ba ni da jiki, kuma rashin jikin ne ya ba ni aikin da kowa ke gudu. Mutane da yawa ba su san cewa cikin fiffiken jirgi tankin mai ne ba. Akwai 'yar ƙofa a ƙarƙashinsa, faɗinta bai fi babban faranti ba, ta nan ake shiga. Wanda ke ci yana ƙoshi ba ya wucewa.

A shekarar ne hukumar kula da lafiyar jirage ta fitar da doka a kan irin wannan jirgi. An gano wayoyin da suka bi ta cikin fiffike suna gogar bakin ƙarfe idan jirgi na girgiza a sama. Yau da gobe, robar waya ta cinye. Waya tsirara a cikin tankin mai kuwa, tartsatsi ɗaya ya isa. Sai aka ce kowane jirgi a buɗe shi, a bi wayoyin da hannu da ido, a sa musu rigar roba, a ɗaure su nesa da ƙarfe. Wanda ba a yi wa ba, ba zai tashi ba.

Shiga tanki da nasa sharuɗɗan. A tsiyaye mai, a busa iska, a cire batir. Ba waya a aljihu, ba agogo, ba takalmi, sai safa. Takunkumi a fuska da tiyon iska, igiya a ƙugu. Sannan mai gadin ƙofa: mutum ɗaya zai zauna a bakin ramin, ba ya gusawa ko sama da ƙasa za su haɗe, yana kiranka jefi-jefi, kana amsawa.

Mai gadina Yaya ne, wan marigayiya matata. Abokan aiki Tulu suke ce masa, ba sai na faɗi dalili ba. Yana ɗaura min igiya yana mita.

"Magariba ba lokacin shiga rami ba ne, amma wa zai gaya wa Oga? Kai, ka ci wani abu yau kuwa?"

"Na ci."

"Ƙarya fure take. Yarinyar nan ta kira ni jiya. Ta ce abincin da take ajiye maka a ƙofar ɗaki, haka take ɗauke abinta da safe. Uwa ta tafi, uba kuma ga shi ga kamarsa. Haba, Tsinke!"

Gaskiya ya faɗa. Tun da aka binne matata ba baƙin ciki nake ji ba. Ba na jin komai. 'Yata, da nake kira Uwata, tana ajin ƙarshe a sakandare. Ita ke dafawa, ita ke ci ita kaɗai. Na san ba ta da kowa sai ni. Sanin yana kaina, amma ya ƙi sauka ƙirjina.

Na ɗaga hannuwa sama, na zura kai, na ja sauran jikin.

Ciki da sanyi. Warin mai, irin na kananzir, yana ratsa takunkumi ya zauna a bayan harshe. Fiffike yana da haƙarƙari na ƙarfe jere da juna, kowanne da rami a tsakiya, kuma kana matsawa gaba ramukan na ƙanƙancewa. Na kama jan ciki, tocila a hannun hagu, hannun dama yana bin damin wayoyi. Rigunan roba suna cikin 'yar jaka a wuyana.

"Tsinke, kana da rai?"

"Ina nan."

Na wuce haƙarƙari ɗaya, na wuce wani. Hasken ƙofa ya koma baya. Kukan tattabarun rufin rumfa ya ɗauke. Saura huci na tiyo, da numfashina, da ɗigar ragowar mai a wani lungu.

"Tsinke?"

"Ina nan."

Wayoyin lafiya lau suke. Santsi, ba ƙwarzane. Na ci gaba har inda kafaɗuna suka fara gogar ƙarfe ta gefe biyu. Na miƙa hannu cikin duhu ina shafa damin.

Sai na taɓa wani abu mai taushi.

Na ɗauka tsumma ne wani ya manta. Na haska.

Yatsu ne. Dogaye, sirara, kalar toka. Sun shiga tsakanin waya da bakin ƙarfe, sun ɗaga ta kaɗan. Hannun ya fito ne daga ramin gaba, inda ko kyanwa ba za ta shiga ba. Bayan ramin, tocila ba ta nuna komai.

Na ce a'uzu billahi. Bakina ne ya faɗa, zuciyata ko ƙara gudu ba ta yi ba.

"Sannu da zuwa," in ji wata murya, ƙasa-ƙasa, a bushe.

Na ƙara haska ramin.

"Inuwa na shigo nema, lokacin da jirgin nan ya daɗe a ajiye. Suka rufe da ni. Da na ga abin da wayar nan ke yi, sai na sa hannu. In ta kama, har da ni za ta ci."

Na duba wayar. Gaskiya ne. Robar ta cinye, jan ƙarfen ciki yana ƙyalli.

"Na gaji," ya ce. "Riƙe min nan, in miƙe hannu."

Dama sai an ɗaga waya ake sa mata riga. Kuma ni mai cewa to ne. Na zura yatsuna biyu na dama kusa da nasa.

Ya zare nasa a hankali.

Sanyi ya kama yatsun. Ya hau gwiwar hannu, ya hau kafaɗa, ya sauka ƙirji. Na gwada janye hannun, ya ƙi, kamar na wani. Zan faɗi gaskiya, daɗi na ji. Shiru ne irin wanda na daɗe ina nema. Ba mai tambayata ko na ci abinci. Ba mai kallona da ido irin na uwarta.

"Ka gani?" ya ce. "Kai ba ka son waje. Ni ina so."

Sai ya fito.

Ban ga fuska ba. Tocila ta suɓuce ta haska bango. Na dai ji shi yana bin bayana, ta wurin da tafin hannu ba zai shiga ba, a hankali, yana shafa ni tun daga wuya har dugadugai. Kamar tela mai gwaji.

Ya wuce.

"Tsinke, kana da rai?"

Na buɗe baki. Babu murya.

"Da raina, Yaya! Sai dai in kai ne tumbi ya danne wa numfashi."

Muryata ce. Daga bayana ta fito, kusa da ƙofa. Har da dariya, irin wadda nake yi da can, mai 'yar shaƙewa a ƙarshe.



"Na gama," in ji muryata. "Ga ni nan fitowa. Ka ɗauko marfi mu rufe, kowa ya kama gabansa."

Marfi. Na san yadda ake ɗaure shi. Noti bayan noti, zagaye. Da safe a cika tanki.

Na ji maganar, na gane ta, na ci gaba da kwanciya.

"Yaya, kira min Uwata," in ji muryar, ta ƙara nisa. "Ka ce kar ta ajiye min a ƙofar ɗaki. Yau tare za mu ci."

Nan ne abin ya tsage.

Na gan ta a raina tana buɗe masa ƙofa. Na ga murnar da za ta yi. Ba za ta taɓa ganewa ba, don me za ta gane? Uban da take roƙon Allah ya dawo mata da shi ne zai shigo. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. A bayansa kishi ya biyo, mai zafi.

Na ja hannu. Ya ƙi.

Na lalubi jakar wuyana da hagu.

Daga waje Yaya ya kwarma ihu. "Jama'a! Ku zo! Tururin mai ya bugar da shi!"

Igiya ta miƙe a ƙuguna.

"Daina ja, Yaya," in ji muryar. "Ga ni."

Igiya ta ƙara tsanani. Ƙuguna na baya, yatsuna na gaba. Zafi ya tsarga min har ƙwaƙwalwa.

Na ciro rigar roba. Ta faɗi. Na lalubo ta.

"Yaya, ka saki igiyar."

Na tura rigar a ƙarƙashin waya, a gefen yatsuna. Ta ƙi shiga. Na danna da babban yatsa. Na ce bismillahi, wannan karon da zuciyata.

Ta shige.

Yatsuna suka kuɓuta.

Aka fizge ni baya. Haƙarƙarin ƙarfe yana dukan haƙarƙarina, takunkumi ya karkace, mai ya shiga idona. Gab da ƙofa na bi ta kan wani abu mai sanyi da taushi. Ya yi numfashi a kunnena.

"Ai ba ka amfani da rayuwar taka."

Sai haske. Sai siminti. Sai hannuwa.

Likitan wurin aiki ya ce tururin mai ne. Ya ce in takunkumi ya ɗan saki, mutum yakan yi surutai, ya yi dariya, ya ga abin da babu. Dama doka ta ce da an ji na ciki ya fara raha ba dalili, a ja shi waje ba shawara. Ya yaba wa Yaya, ya naɗe min yatsu, ya ce in je in huta.

Yaya ne ya kai ni gida a mota.

"Dariyar ce ta sa na fara ja," ya ce. "Amma ba ita ta sa na ci gaba ba. Ƙafafu na gani a bakin ƙofa, Tsinke. Da safarka, da komai, suna laluben tsani. Ita kuwa igiya tana can ciki, a miƙe, da nauyin mutum a kanta." Ya rage gudun mota. "Sai na rufe ido na ja."

"Ka kira ta?"

"Wa?"

"Uwata."

"Ina na ga lokaci? Wannan maganar, daga ni sai kai. Ka ji?"

Washegari sufeto ya zura madubi da fitila, ya ce a canja damin wayoyin gaba ɗaya. An ce ya daɗe yana juya tsohon a hannu, yana tambayar me ya lotsa robar haka layi-layi a wurin da ba ƙarfe. Wani ne ya shiga ya ƙarasa aikin, bai ga komai ba. Aka rufe marfi, jirgi ya tashi. Ni ban sake shiga tanki ba. Yatsun nan biyu har yau ko allura ka soka ba na ji.

Amma a daren, da Yaya ya sauke ni, na tarar da kwano a rufe a ƙofar ɗakina. Ita tana tsakar falo a kan tabarma, littafi a cinya, nata kwanon a gefe. Ta ce sannu da zuwa ba tare da ta ɗago ba. Ta saba ba a amsawa.

Na tsaya da kwanon a hannu. Abin da ya fi ci min rai, har yanzu, shi ne ba ni na yi tunanin mu ci tare ba. Na cikin tankin ne ya yi. Sau ɗaya ya shafa jikina ya gane abin da yarinyar nan ke bukata, ni kuwa ina gida ɗaya da ita.

Na je na zauna a bakin tabarmar, na ajiye kwanona kusa da nata.

Ta ɗago. Ta dubi kwanon, ta dubi hannuna a naɗe, ta dubi fuskata. Littafin ya zame daga cinyarta. Rabon da in zauna kusa da ita haka, tun ranar da na dawo daga asibiti ni kaɗai, ba tare da uwarta ba.

"Baba," ta ce. "Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Uwata. Yunwa nake ji."

Na kai hannu, cokali ya faɗi. Na sake ɗauka, ya sake faɗuwa. Ta matso, ta sa min shi a tafi, ta naɗe yatsuna a kansa da nata, ta riƙe.