Kullun Kaka a Cikin Tanda

Akwai masu ajiye duk abin da suke taƙama da shi a wuri ɗaya. In ya lalace su ce tsautsayi ne. Ba tsautsayi ba ne, sakaci ne, kuma sun san kansu.

Wata yarinya ce a wani ƙaramin gari a Alaska, can ƙasar Amurka inda ake tsananin sanyi. Mamanta tana da gidan burodi. Ba da yis suke yin burodinsu ba, sai da tsohon kullu mai tsami da kakarta ta bari. Kullum a ɗebi kaɗan a kwaɓa burodi, a ƙara wa sauran gari da ruwa. Saboda sanyi, a cikin tanda ake ajiye kwalbarsa idan an kashe wuta.

Ranar Asabar Mama ta ɗebi kaɗan daga kullun ta zuba a ƙaramar kwalba.

"Kai wannan gidan Anti Delphine, ta ajiye mana."

"Mama, ga babbar nan lafiya lau. Ƙafa za ta yi ta gudu?"

"Bakin nan naki. Ki dai kai."

Ƙawayen yarinyar suna jiranta wasan zamiya a kan ƙanƙara. Sai ta tura ƙaramar kwalbar cikin tanda kusa da babbar, ta fice.

Lahadi ba a buɗe shago. Ranar Litinin yarinyar ta kunna tanda ba ta leƙa ba. Kwalabe biyun suka gasu.

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon kwalbar, ta ce, "Shekara hamsin ana ciyar da shi."

Suka koma yin burodi da yis. Masu saye suka fara raguwa. Wani tsoho ya shinshina, ya ce, "Wannan ai soso ne," ya ajiye. Mama ta fara maganar rufe shago.

Yarinyar takan tsaya a bakin ƙofa ta ja numfashi. Ƙamshin nan babu shi. Kamar yanzu ne Kaka ta rasu.

A makaranta, Malama Lindqvist ta ga ta yi tagumi.

"Yau aku ta yi shiru? Me ya faru?"

Ta faɗa mata komai, tana share hawaye.

"Ba a gaya miki ba? Duk amaryar da aka yi a garin nan, kakarki takan ba ta cokali biyu na kullunta. Nawa yana nan, ina ciyar da shi."

Da yamma yarinyar ta shiga shago rungume da kwalbar kullun da Malama ta ba ta a cikin rigar sanyi. Mama ta buɗe, ta shinshina, ta zauna a ƙasa tana dariya.

"Mama, na tuba. Wannan karon gida uku za mu raba shi. Ni zan kai."

Kafin mako ya zagayo, layi ya dawo har titi.

Abin da sana'arka ta dogara da shi, kada ka ajiye shi wuri ɗaya, kuma kada ka ce sai gobe. Kai mai karatu, ba ka da wani abu guda ɗaya tilo da kake cewa ba abin da zai same shi? Musa mini in ji.