Barkonon Baba Dalyop

A bas ɗin Oxford Road a Manchester Kambai ya fara ganinta, shekarar da council, wato hukumar gari, ke ta rage ma'aikata. Yana dawowa daga asibitin da yake tura gadon marasa lafiya, sai ya ji wata tana faɗa da ƙanwarta a waya cikin Hausar Jos. Ya wuce inda zai sauka bai sani ba.

"Malam, kallon ya isa," ta ce.

"Ba kallo nake ba. Gida nake ji."

Sunanta Kaneng, nurse ce a Birmingham. Tun daga ranar yake kiranta Tauraro, ita kuma ta ce masa Sarkin Shiru.

Mahaifinta, Baba Dalyop, bai so zancen aurensu ba. Council ta sallame shi, abin da ya rage masa shi ne mutuncinsa da attarugun da yake reno a ɗan ɗakin gilashi bayan gidansu a unguwar Sparkhill ta Birmingham.

"Ko takardar jami'a ba shi da ita," ya ce. "Ga Gamaliel, mai kantin magani."

Gamaliel kuwa ya saya wa Baba da Mama da Kaneng tikitin yawo a jirgin ruwa. Wai komai na ciki. Kafin su tashi, Kaneng ta ba Kambai makullin ƙofar baya a ɓoye, saboda barkonon.

Ashe gado da abinci kawai ke ciki. Ruwan gora da kuɗinsa, zagaya gari da kuɗinsa, kullum a cire ladan ma'aikata daga katin Baba. Shi da bai iya roƙo ba, sai ya daina fita daga ɗaki. Da Kaneng ta ga farashin waya a kan teku, ta kashe tata ta jefa a jaka.

Kambai bai san haka ba. Shiru kawai ya ji.

Sai da suka sauka a wani gari ta samu wifi a shagon shayi, saƙonni suka yi ta shigowa. Ta karanta, idonta ya cika, ta miƙa wa Baba wayar.

"Tauraro, na shiga doguwar bas na je gidanku. Zafi ya yi yawa, ganyen ya kwanta, amma na ba su ruwa."

"Tauraro, sun tashi. Ɗaya ya fara ja. Ƙamshinsa kamar bayan ɗakin kakata a Kagoro."

"Kin yi shiru. Idan shi kika zaɓa, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Zan ci gaba da zuwa har ku dawo, don Baba bai yi mini laifin da barkononsa zai mutu ba."

Baba ya daɗe yana kallon wayar.

"Daga Manchester yake zuwa?"

"Duk ranar hutunsa, Baba."

Ya share gilashinsa da bakin riga. "Rubuta masa. Ki ce kada ya cika musu ruwa, ba sa so. Kuma ki ce ya turo manyansa."

An ɗaura auren a coci a Birmingham. Miyar bikin da attarugun nan aka yi ta, Turawan asibiti suna ci suna hawaye suna ƙari. Baba ya ɗora hannu a kansu, ya ce Ubangiji ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu haƙurin ubansu.

Makullin yana hannun Kambai har yau. Ba wanda ya ce ya mayar.